Tsakanin tuwon dare da kiran assalatu

Duk baƙon da ya shiga ɗakin mahaifinmu ya ga gwangwanin sukari mai ƙwaya a gefen katifa, kusa da carbi da tocila, sai ya bi mu da kallon marasa imani. Wata gwaggonmu da ta zo daga Tibiri har ɗauke gwangwanin ta yi ta ɓoye cikin mayafi, tana cewa so muke mu kashe mata ɗan'uwa. Ban ga laifinta ba. Abin da kowa ya sani game da ciwon sukari a garin nan shi ne mai shi ba ya shan zaƙi, ba ya cika ciki da tuwo, kuma in ya yi wasa wata rana a yanke masa ƙafa. Duk gaskiya ne, amma ba a nan zancen ya tsaya ba. Hawan sukari a hankali yake cin mutum, shekara da shekaru. Faɗuwarsa kuwa cikin awa guda take kayar da ƙato, kuma ta fi zuwa tsakanin tsakar dare da hantsi, lokacin da masu lura da marar lafiya suke barci.

Baba ladan ne a ƙaramin masallacin layinmu, nan unguwar Zariya a cikin Maradi. Ya haura saba'in, kuma ya daɗe yana shan ƙwayar glibenclamide, wadda mutane suka fi sani da Daonil, ɗaya da safe ɗaya da dare. Mutum ne mai bin doka. In likita ya ce ƙarfe takwas, to ko ana ruwan ƙanƙara ƙarfe takwas zai sha. Wannan halin nasa da kowa ke yabo shi ne ya kusa kai shi ƙasa.

Wata asuba cikin hunturu kiran farko bai fito ba. Inna ta leƙa ɗakinsa ta same shi zaune a bakin katifa, rigarsa sharkaf da zufa alhali kowa na rawar ɗari. Buta na hannunsa yana tsiyayar da ruwan a kan tabarma. Ta ce, “Malam, lahiya?” Sai ya daka mata tsawa da wata magana marar kan gado, mutumin da tun tasowarmu ba mu taɓa jin ya ɗaga mata murya ba. Kafin a jima ɗaki ya cika. Wani ya ce hawan jini ne, ɓarin jiki ne zai shanye. Wata ta ce ai dama mai fita cikin duhu kullum ba ya rasa gamo. Aka fara tofi, aka tashi yaro ya kira mai ruƙiyya. Cikin masu shigowa akwai maƙwabciyarmu, tsohuwar ungozomar asibiti da ta yi ritaya. Ko taɓa shi ba ta yi ba ta juya wajen Inna.

“Yaya, ya ci tuwo jiya da dare?”

“Bai ci ba. Cewa ya yi bakinshi ba daɗi, kunu kaɗai ya kurɓa.”

“Maganin hwa?”

“Ya sha. Shi da ba ya fashi.”

Ta ce a kawo sukari da ruwa a kofi. Da yake yana iya haɗiya, ta riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, masu tofi na ci gaba da tofinsu, ba ta hana kowa ba. Ba a yi kwata ba Baba ya ɗaga kai ya dubi jama'a ya ce, “Mi ya tara ku nan? An yi salla?” Aka yi ta hamdala, wasu har sun fara watsewa. Ita kuwa ta ce ba a gama ba, a nemo adaidaita a kai shi asibiti, don irin ƙwayar da yake sha ba ta sakin mutum da wuri. Haka kuwa aka yi. Kafin azahar sukarin ya sake faɗuwa yana kan gadon asibiti, sai da aka ɗaura masa ruwa mai sukari ya kwana can.

Ni malamin makaranta ne, kuma tun daga ranar na zama ɗalibin majon asibitin unguwarmu, wato babban ma'aikacin jinya, da likitan da ke duba Baba. Abin da na fara fahimta shi ne faɗuwar sukarin safe tun daren jiya ake haɗa ta.

Ƙwaƙwalwa ba ta ajiya. Sukarin da ke yawo cikin jini shi take ci dare da rana, wajen giram 120 a kwana guda ga babban mutum. Mu kuwa a nan tuwo bayan isha'i muke ci, wajen ƙarfe takwas, daga nan babu koko babu ƙosai sai bakwai ko takwas na safe. Awa goma sha ɗaya ko sha biyu ke nan ba abin da ya shiga ciki. Abin da ke riƙe mutum cikin wannan tsawon hanta ce. Ita ce rumbun jiki: in an ci an ƙoshi ta tara, wajen giram 100, in dare ya raba ta riƙa ɗebowa tana zubawa cikin jini, in tarin ya yi ƙasa ta haɗa sabo. Ga mai lafiya, da zarar sukari ya fara sauka jiki zai tsayar da insulin, wato sinadarin da ke saukar da sukari, ya saki wani sinadari mai suna glucagon da ke sa hanta ta buɗe. Shi ya sa lafiyayye zai kwana da yunwa ya tashi da yunwa, ransa a ɓace, amma yana cikin hayyacinsa.

Ƙwayar Baba ba ruwanta da wannan tsari. Aikinta ta matsa wa jiki ya fitar da insulin, an ci ko ba a ci ba. Insulin kuma in ya yi yawa abu biyu yake yi: ya kwashe sukarin da ke cikin jini, ya kuma hana hanta sakin nata. Glibenclamide na iya wuni ya kwana yana aiki, kuma ƙoda ce ke fitar da ragowarsa. Ƙodar tsoho ba ta sauri kamar ta saurayi, sai na jiya ya tarar da na yau a jiki. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa gliclazide a jerin muhimman magungunanta, ta kuma rubuta cewa glibenclamide bai dace da wanda ya wuce shekara 60 ba. Amma je ka duba aljihun tsofaffin masu ciwon sukari a Maradi ka gani. Ƙwayar tana da araha, ana samunta ko'ina, har a farantin masu tallar magani a bakin kasuwa, kuma mutum zai riƙe takardar maganin da aka rubuta masa yana ɗan hamsin da biyar ya yi ta saye da ita har ya kai saba'in, ba wanda ya sake auna ƙodarsa. Wannan abin yana ci mini rai. Da aka auna ta Baba an ga ta yi sanyi, likita ya sauya masa zuwa gliclazide kaɗan, sau ɗaya da safe tare da abinci, ya kuma sassauta adadin da ake so sukarinsa ya tsaya a kai. Ya ce mana ga mai shekarun Baba, sukari ya ɗan ɗaga ya fi a ce ya faɗi a banɗaki ya karya ƙugu.

Ba duk maganin sukari ke da wannan hali ba. Metformine, wato Glucophage, in shi kaɗai ake sha da wuya ya kayar da mutum. Masu kayarwa su ne dangin glibenclamide, da su glimepiride, sai kuma allurar insulin. Cikin insulin ɗin ma akwai bambanci. Wanda ruwansa fari ne, sai an mirgina kwalbar a tafin hannu kafin a ja, irin su Insulatard da Mixtard, ƙarfinsa na cika ne tsakanin awa huɗu zuwa goma bayan an yi shi. Wanda ya yi allurarsa da magariba, ƙarfinta zai same shi daga tsakar dare zuwa ƙarfe huɗu, daidai lokacin da tuwon ya gama narkewa. Matar wani abokin aikina haka ta yi ta fama, kullum ta tashi da ciwon kai da kasala, ana cewa aikin gida ne ya yi mata yawa.

Amma magani shi kaɗai bai cika yin ɓarna ba, sai ya sami abokin tafiya. Na farko kuma mafi yawa shi ne tuwon da ba a ci ba. Wani zazzaɓi ne ya hana shi, wani amai da gudawa, wani fushi ya yi da mutanen gida ya ture akushi. Wani kuma babu ce: cikin watan Agusta, lokacin da hatsi ya yi tsada sabo bai iso ba, gidaje nawa ne ke kwana da kunu tsululu? Sai kuma wanda ya fi ba ni takaici, wato tsaron da dangi ke yi wa kwanon marar lafiya. Kowa ya zama likita. A rage masa tuwo, a hana shi shinkafa, a hana shi fura, a bar shi da ganyen zogale da ruwan miya, sannan a miƙo masa ƙwaya da kofin ruwa a tsaya a kansa sai ya haɗiye. Garin gyaran gira a rasa ido. An rubuta maganin ne bisa lissafin mutum zai ci abinci. In abincin ya ragu, dole a koma wa wanda ya rubuta a gaya masa, shi ya san abin da zai rage.

A gidanmu yanzu dokar guda ce, kuma Baba ya san ta: sai an ga loma ta wuce ake miƙa ƙwaya. Yakan yi mini tsiya, yana kirana Mushe, yadda ake kiran malamin makaranta a nan. “Mushe, yanzu kai ka zama uban?” In ce, “Baba, ku dai ku taɓa ko loma biyar ce.” Ya yi gunaguni ya ci.

Aikin ƙarfi ma yana da bashin da yake biyo mutum da shi cikin dare. Wanda ya wuni yana noma da damina, ko yana ban ruwa a lambun Jiratawa, ko ya taka daga Madarunfa saboda rashin mota, naman jikinsa ya ƙone ajiyarsa, kuma zai yi ta jan sukari daga jini yana mayarwa har kusan awa 24. Da yamma lafiya lau yake, har yana alfahari. Ƙarfe uku na dare abin ke zuwa. Ranar irin wannan wahala ba ranar rage tuwo ba ce, kuma mai allura kada ya yi ta a cinya in zai fita aiki, don naman da ke motsi ya fi saurin zuƙar insulin. Zafin watan Afrilu da Mayu ma na ƙara wannan saurin.

Akwai giya. Na san za a ce ina ruwan gidan ladan da wannan, amma garin nan babba ne kuma masu sha a ɓoye suna nan, wasunsu da ciwon sukari. Hanta in tana fama da giya ba ta haɗa sabon sukari. Wanda ya sha da dare ciki wayam, ga magani a jiki, zai iya kasa tashi da safe, kuma abin tsoron shi ne wanda ya san halinsa zai ce maye ne, a bar shi ya warware.

Akwai zazzaɓin cizon sauro, wanda daga Yuli zuwa Oktoba ba gidan da yake tsallakewa. Shi kansa in ya yi tsanani yana saukar da sukari, musamman ga yara da masu ciki. Kinin kuma, da har yanzu ake ɗaurawa a wasu wurare, yana sa jiki fitar da insulin. Bactrim da ciprofloxacine, da ake saye kamar gyaɗa don ciwon ciki, suna ƙara wa dangin glibenclamide ƙarfi. Propranolol na masu hawan jini yana danne bugun zuciya da rawar jikin da ke yi wa mutum gargaɗi, sai dai zufar ta rage. Don haka duk inda aka kai mai ciwon sukari, ko ciwon haƙori ne, a tafi da kwalayen magungunansa duka a leda a zube wa likita a tebur. Har da na gargajiya. Ba na raina shuwaka ko jiƙon dogon yaro, iyayenmu sun sha, amma ba wanda ya san ƙarfin abin da ke cikin kofi guda, kuma haɗa shi da ƙwaya a ɓoye wa likita shi ke rikita lissafi.

Wani dalilin kuma a littafi ban gan shi ba, a layinmu na gan shi. Wani dattijo mai mata biyu, wadda ke da girki ita ke ba shi magani. Ranar karɓar girki mai fita ta ba shi kafin magariba don ta sauke nauyi, mai shiga ta ba shi bayan isha'i don kada a ce ta yi sakaci, shi kuma ba ya tuna ya sha. Yanzu kalanda suka rataye a ƙofar turaka, wadda ta bayar ta ja layi.

Zancen awo na so in daɗe a kansa, don mu mutanen bakin iyaka muna da wata matsala ta musamman. A asibitocinmu da giram a lita ake rubuta sakamako. Ƙasa da 0,70 sukari ya faɗi, ƙasa da 0,54 abin ya yi muni. Na'urorin awon sukari da yawa kuma da mg/dL suke nunawa, inda waɗannan adadin suke zama 70 da 54. Wannan mai sauƙi ne, waƙafi kawai za ka matsar. Amma akwai na uku, mmol/L, wanda asibitocin Najeriya da yawa ke aiki da shi, kuma wasu na'urorin da ake sayowa daga Kano ko Katsina da shi suke zuwa. A wannan ma'aunin iyakar faɗuwa 3,9 ce, ta muni kuma 3,0. To ka ɗauki mutumin da ya saba jin majo na cewa “sukarinka giram biyu ne, ya hau.” Ɗansa ya kawo masa sabuwar na'ura tsaraba, ya tashi da safe jiki na rawa, ya auna ya ga 3,5. Me zai ce? Zai ce ya haura giram uku, ya miƙa hannu ya ƙara ƙwaya. Alhali 3,5 ɗin nan in ka ninka da 18 ya zama 63, wato giram 0,63. Sukari yake buƙata ba magani ba. Wani ɗan kasuwa mai zuwa Jibiya da na sani saura ƙiris ya yi haka, Allah ya sa ya fara kiran ɗiyarsa a waya. Duk wanda ya sayi na'ura ya dubi ƴan haruffan da ke gefen lambar, ya kai wa majo ya rubuta masa iyakokin da babban rubutu a jikin kwalin.

Tsinkayen awo suna da tsada, ba kowa ke iya auna kullum ba. Abin da na lura shi ne mutane duk a awon safe suke ƙarar da su, kafin karin kumallo, don shi aka saba. In da za a bi shawarata, wanda ke shan irin ƙwayoyin nan ko yake allurar dare ya ware wasu don lokacin kwanciya, ya kuma ware ƴan kaɗan don ƙarfe biyu ko uku na dare, musamman makon da aka sauya masa magani. Ga dalili. Mutum na iya faɗuwa cikin barci bai farka ba, jiki ya yi ta maza ya tura sukari, da safe awo ya nuna ba laifi ko ma ya ɗan hau. Akwai kuma hawan asuba na asali, wanda sinadaran da ke shirya jiki don tashi ke kawowa, kuma shi ya fi yawa. Daga awon safe kaɗai ba za ka bambance su ba. Wanda ya ga sukarinsa sama da safe ya ƙara wa kansa allurar dare ba tare da ya san abin da ke faruwa ƙarfe uku ba, caca yake yi. Ga Baba, likita ya yanka mana adadin da in awon kwanciya ya gaza shi sai ya ɗan ci wani abu mai riƙe ciki, burodi da gyaɗa ko ƴar fura da nono ba sukari. Kowa da nasa adadin, a tambaya.

Alamun dare kuwa wanda ke kwana kusa ne zai gan su, ba mai ciwon ba. Zufa mai sanyi da ke jiƙa matashi, mugun mafarki, sambatu ko ihu cikin barci, juye-juye, numfashin da ya sauya. Da bazara kowa zufa yake yi a Maradi, sai a taɓa fatar a ji: ta zafi da ɗumi take, ta sukari sanyi ƙalau. Da safe kuma ciwon kai, rawar hannu, yunwa mai tsanani, gani dishi-dishi, faɗa ba dalili. Sauyin hali shi ne abin da iyali suka fi kuskure wa fassara. Kuma wanda ya daɗe da ciwon, ko yake yawan faɗuwa, jikinsa na daina yi masa gargaɗi, daga lafiya lau sai ruɗewa. Irin wannan bai kamata ya kwana shi kaɗai ya kulle ƙofa ta ciki ba. Sai da aka kai ruwa rana kafin Baba ya yarda a cire sakatar ɗakinsa, yanzu wani jikansa ke shimfiɗa a ƙofar.

In abin ya zo, ƙa'idar da ake koyarwa ita ce giram 15 na sukari, a jira minti 15, a sake awo, in bai haura 0,70 ba a maimaita. Giram 15 shi ne ƙwaya uku ko huɗu na sukari, ko babban cokali ɗaya na sukarin gari ko zuma, ko rabin kofi na lemon kwalba mai zaƙi. Ba lokacin nono ko ƙuli-ƙuli ko tsire ba ne, maiƙo na jinkirta shigar sukari. In ya dawo daidai sai a bi da abinci na gaske, ɗumame ko koko da ƙosai, don kada ya koma. In babu na'ura kuma ana shakka hawa ne ko faɗuwa, a ba da sukarin. Ƙwaya uku ba za su kashe wanda nasa ya hau ba, rashinsu na iya kashe wanda nasa ya faɗi. Amma in mutum ya suma ko ba ya iya haɗiya, kada a ɗura masa komai, ko ruwa ko rubutu, don huhu zai tafi. A kwantar da shi ta gefe, a ɗan shafa jiƙaƙƙen sukari a cikin kumatunsa, a nufi asibiti da kwalin maganin a hannu. Akwai allurar glucagon da ake yi wa wanda ya suma, sai dai a gidajenmu ba kasafai ake samunta ba. Kuma ko ya farfaɗo sarai, in glibenclamide ne sila, asibiti dai za a je.

Masu kabu-kabu da direbobin da ke ɗaukar hanyar Damagaram ko Ɗan Isa da sassafe, in suna kan waɗannan magunguna, kada su hau ciki wayam da niyyar sai sun yi lodin farko su karya. Sukari a aljihu, ba a but ba.

Sau da yawa abokan aikina kan ce sukarinsu ya faɗi don sun shiga aji ba su karya ba. Galibi yunwa ce kawai. Wanda ba ya shan maganin sukari da wuya nasa ya sauka ƙasa da iyaka, in kuwa awo ya tabbatar yana sauka a kai a kai, to a bincika hanta da ƙoda da sauransu, ba a yi ta shan lemo ba. Inda abin yake da gaske shi ne yara masu tamowa, waɗanda ba su da ajiyar komai a jiki. Shi ya sa a cibiyoyin kula da su matakin farko shi ne hana sukari faɗuwa, ana ba su madarar F-75 duk awa biyu ko uku har cikin dare, ana tada uwa daga barci. Sai kuma jikokin da ke wasa a ɗakin kaka: ƙwaya ɗaya ta glibenclamide ta isa ta sumar da yaron da ke rarrafe. A ɗauke ta daga ƙarƙashin matashi.

Azumi shi ne inda muka fi daɗewa muna ja da Baba. Wani babban bincike da aka yi a ƙasashe 13 kan mutum fiye da 12.000, aka buga a 2004, ya nuna faɗuwar sukari mai tsanani ta ninka kusan sau bakwai da rabi cikin Ramadan ga masu nau'in ciwon da ke kama manya. Kuma ba sai la'asar take jira ba. Wanda ya sha cikakken maganinsa da sahur ya bi da kunu da shayi mai zaƙi, wajen hantsi zai fara gani biyu-biyu. Jagorar da Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta fitar tare da likitoci Musulmi ta ce a ga likita makonni shida zuwa takwas kafin wata ya kama, a jinkirta sahur, a ci abu mai daɗewa a ciki kamar wake da tuwo, kuma galibi likita kan mayar da babban kason magani zuwa buɗa-baki ya rage na sahur. In awo ya nuna ƙasa da 0,70, ko sama da giram 3, a karya azumin nan take, ko da saura kaɗan a kira magariba. Huda yatsa don awo ba ya karya azumi, malamai sun yi bayani.

Na karanta wa Baba duk wannan, ya saurara har ƙarshe ya ce, “Mushe, tun ba a haihe ka ba nike azumi.” Maganata ba ta shige shi ba sai da limaminmu ya zo da kansa ya zauna, ya karanto masa ayoyi na 184 da 185 na Suratul Baƙara, ya ce masa sauƙin da Allah Ya bayar ba a mayar masa da shi. Bara bai yi azumi ba, ya ciyar, yana yi yana ƙorafin yara za su gan shi yana tauna da rana. Bana mun riga mun karɓi ranar ganin likita tun cikin Rajab, kuma ya ce zai sake kai ƙara da bakinsa, tunda an sauya masa ƙwaya, ko a bar shi ya gwada goman farko da na'ura a aljihu.